Hankaka da Lemar Ganyen Gwaza

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu a buɗe.

Kuregu ke nan suke da wasan dirowa daga ƙolin rimi, kowa riƙe da lemar ganyen gwaza. Iya Kurege ce uwar wasan, kuma dokarta ɗaya: ba mai dira sai ɗan'uwansa ya duba masa ganye.

Ran nan wani ya gurɗe ƙafa. Hankaka mai shela ya bi kasuwa yana cewa kuregu sun haukace, suna kashe kansu. Iyaye suka hana 'ya'yansu hawa, wasa ya tsaya cak.

Iya ta tare shi. "Malam Hankaka, shekara da shekaru muna sauka lafiya, ba ka taɓa yin shela ba."

"Iya, wa zai tsaya jin labarin wanda ya sauka lafiya? Ballantana dira ai ba komai ba ce, kullum ina yi."

"Da fiffike kake yi. Zo ka gwada irin tamu."

Girman kai ya hana shi ƙi. Suka hau, ta ɗaure masa fikafikai da rama, ta miƙa masa ganye. Ya leƙa ƙasa, ya ja da baya.

"Iya, don Allah duba mini ganyen nan tukuna!"

Ta duba, ta tura shi, ya sauka lafiya lau. Ta leƙo daga sama ta ce, "To, wannan roƙon da ka yi, shi za ka kai kasuwa, su san ba ma dira sai an duba ganye."

Ƙurunƙus kan hankaka, ba don ramar nan ba da ya tsere!