Gahawar da Manaja Ya Ƙi Sha

Akwai wani matashi a Amman mai suna Ubada, yana aikin talla a wani kamfani da ke sayar wa masana'antu farantan sola. Bakinsa na da zaƙi, ƙafarsa ba ta gajiya. In ya shiga ofishin mai masana'anta, sai an sha shayi an yi dariya kafin a tuna cewa ciniki ne ya kawo shi.

Shekara biyu da suka wuce, manajan sashen ciniki, Ustaz Nidal, ya tara su ranar Lahadi da safe, ya ce kamfani ya kawo sabon tsari.

"Daga yau mun daina ƙirga wa kowa kwanakin hutu," in ji shi. "Hutu ba iyaka, albashi kuma na tafiya. Ku manya ne, ba 'yan makaranta ba."

Aka yi tafi har da masu fito.

Abin da ba su lura da shi ba shi ne, a da hutun kwana goma sha huɗu ne, a rubuce, naka ne, ba ka jin kunyar kowa in za ka ɗauka. Da aka goge lambar, sai kowa ya koma kallon fuskar manaja.

Shi kuwa Ustaz Nidal bai taɓa hana kowa ba. Murmushi yake yi, ya ce, "Tafi mana, hutunka ne." Sannan ya ɗaga ido ya kalli allon da ke bango, inda aka jera sunayen masu talla daga gwani zuwa na ƙasa. Kallon nan kaɗai ya isa. Sai ka ji mutum ya ce, "Bari dai sai wani watan."

Ubada ya shekara biyu bai huta ba, kuma yana alfahari da hakan.

Gidan iyayensa yana wani ƙauye a tsaunukan Ajlun, suna da bishiyoyin zaitun arba'in. Ba a sa ranar girbi a kalanda. Sai ruwan farko ya sauka ya wanke ƙurar bazara daga 'ya'yan, sannan gida duka ya fita.

Bara da ruwan ya sauka, mahaifiyarsa ta kira shi. Ya ce mata sati mai zuwa. Satin ya zo, ya ce mata na gaba. Aka gama girbi, aka matse mai, ta aiko masa da gwangwaninsa a motar haya, ta ɗaure bakin da tsumma da hannunta.

Ba ta ga ƙarshen sanyin shekarar ba.

Ko a zaman makoki, a rana ta uku, Ubada yana bayan gida yana amsa wayar kwastoma da murya ƙasa-ƙasa. Wannan abu ya zauna masa a ƙirji kamar dutse. Gwangwanin man nan har yau bai kwance tsumman ba.

To, bana ruwan farko ya sauka ranar wata Talata. Ubada na tsaye a tagar ofis yana kallon yadda titi ya yi baƙi, wayarsa ta yi ƙara. Mahaifinsa ne, Abu Ubada.

"Ruwa ya wanke zaitun," in ji tsohon. "Jumma'a za mu fara. Na san kana da aiki, ɗana. Faɗa maka kawai na yi."

Ubada ya san hannun tsohon ya fara rawa, ƙanwarsa Tasnim ta gaya masa. Bai yi dogon tunani ba.

"Yaba," ya ce, yadda suke kiran uba a can, "ka aje mini tsani. Ina nan zuwa."

Ya wuce kai tsaye ofishin manaja.

"Ustaz Nidal, kwana goma nake so, daga Jumma'a."

"Gwarzon namu! Ai ba sai ka roƙa ba, hutunka ne." Ya yi murmushin nan, ya kalli allo. "Sai dai Abu Firas fa? Wata takwas kana bin mutumin nan. Ina so ya sa hannu kafin wata ya mutu."

Abu Firas shi ne mai wata masana'antar madara a Zarƙa, kwastoma mafi girma da Ubada ya taɓa kamawa.

"Na rubuta komai na ba Rawan," in ji Ubada. Rawan abokiyar aikinsa ce, teburinta na kusa da nasa. "Ta san inda muka tsaya. Shi ma na gaya masa zan yi tafiya."

"Goma bai yi yawa ba?"

"To nawa ne bai yi yawa ba? Faɗa mini lamba, in bi."

Manaja ya yi dariya. "Haba, wace lamba? Ba iyaka muka ce."

"To goma."

Murmushin ya ɗauke. "Ka dai ji ni da kyau. In Abu Firas ya kuɓuce mana, kada ka yi mamaki in ka dawo ka tarar da wani a teburinka."

"Na ji," in ji Ubada.

Da ya fito, abokan aiki suka sa shi gaba. Wani ya ce, "Manomi zai koma gona!" Wani ya ce, "Ka taho mana da mai ko kwalba ɗaya, tunda aiki dai ka sallama shi."

Rawan ba ta ɗago daga kwamfutarta ba. "Ku ƙyale shi, masu hassada. Kai kuma tafi, kafin in canja ra'ayi."

Ranar Jumma'a da hantsi yana kan tsani. An shimfiɗa buhuna a ƙarƙashin bishiya, 'ya'yan zaitun na zubowa a kai, ƙararsu kamar yayyafi a kan kwano. Tsohon na zaune yana tsince ganye, yana yi masa faɗa.

"A hankali! Reshe ne, ba kwastoma ba, kada ka shaƙe shi."

Tasnim ta ce, "Yaba, ƙyale ɗan birni. Dubi hannunsa, ko na jariri ya fi shi kanta."

Da rana suka zauna a inuwa, suka ci gurasa da tumatir da za'atar, wani garin ganye mai ƙamshi, suka sha shayin da aka dafa da itace. Ubada ya kashe wayarsa ya jefa cikin jaka. A ƙarshen gonar akwai wata tsohuwar bishiya mai kauri wadda mahaifiyarsa ba ta barin kowa ya taɓa sai ita. Sun bar ta sai ranar ƙarshe. Ba wanda ya ce a yi haka, kowa dai ya kauce mata.

A rana ta biyar, wata mota mai sheƙi ta tsaya a bakin gona. Ustaz Nidal ya fito da kwat da takalmi mai tsini, yana tsallake laka.

Ubada ya sauko ya tare shi. Tsohon ya miƙe da ƙyar, ya yi wa baƙo maraba irin ta mutanen dutse, ya sa aka shimfiɗa masa katifa a inuwa. Ya ɗauko butar gahawa, ya zuba a finjali da hannunsa mai rawa, ya miƙa.

Ustaz Nidal ya karɓa. Bai sha ba. Ya ajiye finjalin a ƙasa, gabansa.

Kowa ya san baƙon da ya ajiye gahawa bai sha ba, da buƙata ya zo, kuma ba zai sha ba sai an biya masa ita. Ubada ya kalli manajansa, ya gane da gangan ya yi. Mutumin da ke koya musu dabarun rufe ciniki ya san dattijon ƙauye ba zai bar gahawarsa ta huce a gaban baƙo ba.

Abu Ubada bai ko tambaya ba.

"Sha gahawarka, baƙona. Abin da ka zo nema, ka samu."

Manaja ya ɗaga finjali ya shanye. "Allah ya ƙara girma, Alhaji. Ubada nake so ya bi ni yau. Akwai kwastoman da ya ce ba zai sa hannu ba sai yana wurin."

Tasnim ta buɗe baki, tsohon ya ɗaga mata hannu.

"Na ba ka shi," ya ce. "Ubada, je ka wanke hannu."

"Yaba..."

"Na riga na yi magana."

Ubada ya tsaya cak, idonsa na kan tsohuwar bishiyar da ba a taɓa ba. Ya juya zai tafi, sai ya ji mahaifinsa ya ci gaba, a hankali, kamar mai hira.

"Baƙona, wata tambaya, ba don in janye ba. Yaron nan ya gaya mini kai ka ba shi hutun nan. Ya ce ka ce ba iyaka."

"Haka ne, Alhaji. Tsarinmu ke nan."

"Madalla. Ka ga ni, tun kafin in ji abin da kake so na ce ka samu. Da gonar nan ka ce, da yanzu ina neman takardunta. Mu in mun bayar, mun bayar ke nan." Ya sake cika finjali. "Kai da ka ba shi, ba shi ka yi, ko kuwa nuna masa kawai ka yi daga nesa?"



Tsohon ya nuna ƙarshen gona da haɓa. "Waccan ta mahaifiyarsa ce. Bara ta jira shi a ƙarƙashinta har aka gama. Ni ban san ko zan ga ruwan baɗi ba. Amma magana magana ce. Ku tafi, kada rana ta yi muku."

Manaja ya daɗe yana kallon finjalin. Sannan ya ciro waya, ya matsa gefe, ya kira Abu Firas. Muryar mai masana'antar na da ƙarfi, har inuwa ana jin ta.

"Yana girbin zaitun? To me kake yi a can, kai kuma? Ni na ce sai yana nan, ban ce sai yau ba! Kai ne ka dame ni da ƙarshen wata, ƙarshen wata. Ni kaina jibi zan tafi Irbid, namu zaitun ma ya nuna. Ka ce masa ya gama, ya taho mini da ɗanɗano, in ga ko man Ajlun ya kai yadda suke cika baki."

Ashe gaggawar duk ta manaja ce. Ba wanda ke sauri sai shi da allonsa.

Ya dawo ya durƙusa gaban tsohon. "Alhaji, na mayar da buƙatata. Ka yafe mini."

"Ba a mayarwa," in ji Abu Ubada. "Ka sha gahawa. Sai dai ka canja."

Ustaz Nidal ya kalli takalminsa da laka ta riga ta gama da shi. Ya cire kwat, ya rataye a reshe.

"To a ba ni tsani."

Tasnim ta tuntsure da dariya. "Yau ga wanda ya fi Ubada laushin hannu!"

Ya yi aiki har la'asar, ya faɗo sau ɗaya, ya tafi da bororo a tafin hannu.

A rana ta goma suka girbe tsohuwar bishiya, su uku. Tsohon ne ya tsinke na farko, ya sa a aljihu.

Da Ubada ya koma, teburinsa na nan. Abu Firas ya sa hannu a sati na biyu, bayan ya ɗanɗana mai ya ce na Irbid ya fi, amma ba laifi. A taron Lahadi kuma Ustaz Nidal ya raba wata takarda. Hutu na nan ba iyaka, amma kowa dole ya ɗauki aƙalla sati uku a shekara. An rubuta abin da ake so ka kammala kafin ka tafi, da wanda zai riƙe maka kwastomomi, da cewa ba mai kiran ka. Rawan ce ta fara cike takardar hutunta.

Abu Ubada bai ga ruwan baɗi ba. Ya rasu a ƙarshen sanyi, cikin salama, da rana tsaka.

Wannan karon Ubada ya zauna makoki wayarsa a kashe. Da ya dawo Amman, ya sauko da gwangwani biyu ya jera. Ya kwance tsumman da mahaifiyarsa ta ɗaure, ya zuba kaɗan a faranti, ya zuba na bana a kai. Ya tsoma gurasa. Ya yi kuka, amma dutsen nan na ƙirjinsa babu shi.

Darasi: In kai shugaba ne, kada ka ba mutane abu da baki ka karɓe da ido. Faɗi abin da kake so a fili, kuma in ka bayar, ka bari a ɗauka. In kai ma'aikaci ne, gyara aikinka, ka damƙa shi a hannun amana, ka tafi inda ake jiran ka ba tare da sunkuyar da kai ba. Kwastoma zai iya jira zuwa wani sati, amma ba kowane mai kiran ka gida ne zai sake kira ba. Ku tura wannan ga wanda ya daɗe yana cewa "sai wani watan", wataƙila yau ya ɗauki waya.