Yarinyar da Aka Raɗa wa Abarta

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A wani gari an yi wata mata mai suna Yalwa, da mijinta Nomau, wanda aka haifa ana tsakiyar noma. A bayan garin akwai tafki, a cikin tafkin akwai Dodo, Dodo kuma yana da baiwa, Kura. Ita yake aikawa ta ɗauko masa 'ya'yan mutane. Amma Kura ba ta da ikon taɓa yaro sai Dodo ya kira sunansa da bakinsa daga cikin ruwa.

Yalwa ta haifi 'ya mace ana sheƙa ruwa ba dare ba rana, aka sa mata Marka. Ba ta kai ga yaye ba Kura ta ɗauke ta. Ta sake haihuwa, namiji ne da ya daɗe a ciki, aka sa masa Shekarau. Shi ma Kura ta ɗauke shi. Kowa na mamakin yadda Dodon da bai taɓa fitowa tudu ba yake sanin sunayen jarirai.

Da Yalwa ta sami ciki na uku, wata rana ta je ɗiban ruwa, sai ta hango Gizo, maroƙin garin, wanda shi ke shelar suna a kowane gida. Ya durƙusa a bakin tafki yana faɗa wa ruwa sunan ɗan maƙwabciyarta. Sai ga wani baƙin hannu ya fito ya miƙa masa ƙaton kifi. Yalwa ta laɓe cikin ciyawa, ta toshe bakinta har ya wuce.

Ta gaya wa Nomau. Ya ce to, a hana Gizo zuwa suna. Ta ce ko an kore shi ta ƙofa zai laɓe a rufin ɗaki ya ji, shi dai Nomau ya bar mata zaɓen suna wannan karon. Nomau ya so ya yi wa mahaifiyarsa takwara, amma da ya dubi idon matarsa sai ya bar mata.

Ta haifi mace. Ran suna aka yanka rago, aka raɗa wa jaririya Abarta. Gizo ya yi shela, ya ci nama har da guzuri, ya zame ya nufi tafki.

Kashegari da hantsi, maza duk sun tafi gona, Yalwa na daka a tsakar gida, jaririya na kwance a inuwa. Sai ta ji danga ta motsa. Kura ce. Yalwa ta ƙanƙame taɓarya. Kura ta tsaya a kan jaririya, ta juya wajen tafki ta ce, "Ranka ya daɗe, na iso. Wa zan ɗauko?"

Murya ta taso daga ruwa kamar tsawa: "Abarta."

Kura ta yi turus. Ta ji ubangidanta ya ce a bar ta, ita kuwa ba ta taɓa tsallake maganarsa ba. Ta ja da baya ta fice. Da ta koma hannu banza, Dodo bai ko saurare ta ba, ya zage ta, ya sake koro ta.

Ta dawo. Wannan karon har ta shinshina kan jaririya, miyaunta na ɗiga a kan zane. Yalwa ta ciji leɓenta har jini ya fito, don ta san in ta yi ihu Kura za ta gane akwai dabara. Kura ta sake tambaya, Dodo ya sake cewa Abarta. Ta fita tana gunaguni.

Karo na uku ta shigo a fusace, bayanta duk shatin bulala. Ta sa haƙora ta kama bakin zanen goyo, ta ɗaga jaririya sama. Jaririya ta tsala kuka. Yalwa ta zube a ƙasa. Kura ta yi magana ta cikin haƙora ta ce, "Ga ta a bakina. In taho da ita?"

Tafki ya yi tsit. Can Dodo ya daka tsawar da ta girgiza rumbuna: "Sau nawa zan faɗa miki? Abarta!"

Kura ta ajiye yarinya a hankali, ta tsallake danga.

A bakin tafki rigima ta kaure. Kura ta ce sau uku yana ce mata a bar ta, sannan ya doke ta don ta bari. Sai a lokacin Dodo ya gane abin da bakinsa ya furta, kuma abin da Dodo ya faɗa sau uku ba ya janyuwa. Ya hango Gizo a bakin ruwa yana jiran kifi, ya kai masa cafka, ya ce shi ya kawo masa wannan suna. Gizo ya suɓuce da ƙyar, ya haye rufin ɗaki, bai ƙara yi wa kowa shela ba.

Yalwa kuwa ta rungume 'yarta, ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa, na wadda ta tsira da na biyun da ba su dawo ba. Matan gari suka ji labari, wannan ta sa wa nata Abarshi, waccan ta sa Barmani. Yunwa ta ishi Dodo, ya bar tafkin. Abarta ta girma har ta ga jikokinta.

To kun ji, jikokina. Suna addu'a ce da iyaye ke yi wa ɗa, kuma duk wanda ya kira shi ya maimaita ta, ko da maƙiyi ne. Saboda haka in Allah ya ba ku naku, ku yi tunani kafin ku raɗa.

Ƙungurus, ga kan kusu nan, ta ƙare.