Katunan Hoto Biyu a Ƙarƙashin Rufin Kwano

An ce wai cikin laifuffukan 'yan kasuwa akwai wanda ya fi tauye mudu muni, shi ne mutum ya gwada kayansa a inda ya san ba nan za a more su ba, sannan ya ɗaga kai yana cika baki. A kan wannan laifi aka yi wata shari'a a kasuwar 'yan kwamfuta ta garinmu, kuma har yau muna tinƙaho da wanda ya yanke ta.

An yi wata mata, Hajiya Saudatu, mai sana'ar tace finafinai. Ta samu babban aiki na shirin yara, sai ta buƙaci katin hoto guda shida, wato allon nan da ake sa wa kwamfutar tebur a ciki don ta iya ɗaukar nauyin bidiyo. Mutum biyu suka kawo mata nasu. Na farko Alhaji Mamuda, mai shago mai ƙofar gilashi a bakin titi. Katinsa ƙato ne, da fitilu masu sauya launi. Na biyu Malam Ɗanlami, wanda shagonsa ke lungu kusa da masu walda. Nasa ƙarami ne, baƙi wuluk, ba ado ko kaɗan.

Ɗanlami ya gaya wa Hajiya cewa katin Alhaji ya fi nasa gudu a tashin farko, amma nasa ya fi jure wahala. Maganar ta kai kunnen Alhaji. Ya zo har lungu, a gaban jama'a ya kira Ɗanlami maƙaryaci mai hassada, ya ce a gwada katunan, wanda nasa ya faɗi a sauke allon sunansa daga saman shago. A kasuwarmu sauke allo ba wasa ba ne, domin wanda aka sauke wa, ko cajar waya ya ce mai kyau ce ba mai yarda. Ɗanlami kuwa shekara ashirin ke nan allonsa na rataye.

Aka yi gwaji a shagon Alhaji. Aka ba kowane kati guntun bidiyo iri ɗaya. Na Alhaji ya gama a minti bakwai, na Ɗanlami sai da ya kai goma. Har an fara cigiyar tsani, sai Ɗanlami ya tuna musu al'ada: ba a sauke allo sai shugaban kasuwa ya amince.

Shugaban nan shi ne Baba Tanimu, tsohon mai gyaran rediyo, wanda bai taɓa zama ajin boko ba. Da Alhaji ya ji za a kira shi sai ya yi dariya, ya ce me tsoho ya sani banda batir da eriya. Baba ya zo yana dogara sandarsa. Yana shiga shagon ya ja rigarsa ya ƙudundune saboda sanyin esi. Aka nuna masa lambobin gwajin da ke kan allon kwamfuta, bai ko dube su ba. Abin da ya tsura wa ido wata doguwar fanka ce da aka kafa a bakin kwamfutar, an cire murfin gefe, iska na shiga cikinta kai tsaye.

Ya ce, "Alhaji, wannan fankar wa take yi wa fifita? Ga ni baƙo, ga Hajiya, duk ta ba mu baya."

Alhaji ya ce ai haka ake yi a ƙasashen waje. Baba ya juya ya tambayi Hajiya inda take aiki. Ta ce ɗaki ne a saman bene, rufin kwano, wutar sola ce ba ta ɗaukar esi, kuma tun hantsi injinanta ke aiki har yamma. Lokacin kuwa tsakiyar bazara ne.

Baba ya gyara tsayuwa ya ce, "Shekara arba'in na yi ina gyaran rediyo, ban taɓa ganin wadda ta mutu a kan teburin mai sayarwa ba, duk a ɗakin mai ita suke mutuwa. Ba Alhaji ne zai zauna da katin nan ba, ba kuma Ɗanlami ba. Saboda haka gobe a kai su ɗakin Hajiya, a sa su a injinanta guda biyu masu ƙarfi ɗaya, a rufe murfi, a ba su aikinta na gaske daga azahar zuwa la'asar. Wanda ya kai aikin ƙarshe, shi ne mai gudu."

Alhaji ya fara kawo uzuri, ya ce zafi ba ya cikin sharaɗi. Baba ya ce in katin nasa sai da sanyi, to ya haɗa wa Hajiya da esi shida kyauta a wuce wurin. Jama'a suka kwashe da dariya, girman kai ya hana Alhaji ja da baya.

Kashegari bayan sallar azahar aka hau bene. Ɗakin ya ɗau zafi, kwano na ƙara a sama. Aka kunna. Ƙaton kati ya yi gaba nan da nan, Alhaji na karanta lambobi da ƙarfi, har ya ce, "Ɗanlami, ko in aika a samo maka tsanin tun yanzu?" Ɗanlami ya share gumi ya ci gaba da kallon aikin katinsa.

Da aka yi rabin sa'a, fankokin katin Alhaji suka fara ruri kamar injin markaɗe, gudunsa ya ragu. Can sai ga ɗigo-ɗigo kore a kan hoton. Alhaji ya miƙa hannu zai buɗe murfi, Baba ya ɗora sanda a kan hannun, ya ce a bar shi yadda Hajiya za ta bar shi. Ba a jima ba allon kwamfutar ya yi baƙi, ƙauri ya tashi. Ƙaramin kuwa yadda ya fara haka ya ci gaba, bai ƙara ba bai rage ba, ya kai aikin ƙarshe ladan bai kira la'asar ba.

Baba ya tambayi Alhaji, tsakaninsa da Allah, me ya yi wa katin. Da ƙyar ya amsa cewa ya ƙure masa gudu fiye da yadda maƙeransa suka ɗora shi, kuma ya san ba ya jure haka sai cikin sanyi. Ɗanlami ya roƙi a bar wa Alhaji allonsa, tunda gaskiya ta fito. Baba ya ce ba Ɗanlami ne ya kafa sharaɗin ba, wanda ya kafa shi ne zai cika. Sannan ya dubi 'yan kasuwar da suka cika benen ya ce, "Ku riƙe wannan: kaya ba ya faɗin gaskiyarsa a shagon mai shi, sai a ɗakin wanda zai wahala da shi."

Alhaji Mamuda ya rasa cinikin kati shida. Katin da ya yi alfahari da shi ya ƙone. Mutum uku da suka saya a wurinsa tun farkon bazara suka dawo masa da nasu. Allonsa kuwa, da tsanin da ya sa a nemo wa Ɗanlami aka hau aka sauke shi.