Askin Saje Haladu

Ku matso kusa, mai gyangyaɗi kuma a taɓa shi, don labarin yau ba na a ji a watse ba ne. Sai kun yanke mini hukunci.

A garinmu na Gidan Rimi an yi wani soja, Saje Haladu, wanda ya je yaƙin Laberiya ya dawo da hannu biyu da ƙafa biyu. Muka yi ta murna, muna cewa ya tsira. Ashe jikin kawai muka gani. Tun ranar da ya sauka daga mota bai ƙara yarda mutum ya tsaya a bayansa ba. In zai zauna sai ya jingina da bango. Masallaci ya gagare shi, don ko a sahun ƙarshe ya tsaya wani zai shigo daga baya. Aski kuwa ba a magana, tunda wanzami sai ya zaga ƙeya. Shekara goma sha ɗaya aska ba ta hau kansa ba, gashi ya cukurkuɗe har kafaɗa, mutanen da suka yi masa guɗa suka koma kiransa mahaukaci. Ni ma na faɗa sau ɗaya, kuma har yau ina jin kunyar abin.

Wata ranar kasuwa wani mai goro ya dafa kafaɗarsa ta baya don ya gaishe shi. Kafin a ce me, Saje ya murɗe masa hannu har ya karye, sannan ya zauna a ƙasa yana kuka. Wansa, Alhaji Sale, ya tara dangi, suka yanke shawarar a kai shi wani gidan da ake sa wa masu taɓin hankali mari a ƙafa. Wanda duk ya san gidan nan ya san ba a fitowa daga cikinsa yadda aka shiga.

Mutum uku ne suka tsaya masa. Ga ta farko, matarsa Ladidi. Ita ce ta fara gane cewa ba aljanu ba ne, don ta lura aljanun nan ba sa zuwa ta gaba. Shekara da shekaru ta tsara gidanta a kan haka. Tabarmarsa kullum tana jikin bango, 'ya'ya sun koyi zagayowa ta fuskarsa, ita kuma ba ta taɓa nufarsa ba tare da ta ce "Maigida, ni ce" tun daga nesa ba. Maƙwabta suka daina aiko mata da kwanon abinci, 'yan uwanta suka ce ta dawo gida, ta ƙi. Ranar da dangi suka zo da mota, ta zauna a bakin zaure ta miƙe ƙafafu.

"Yaya, ban taɓa yi maka musu ba," in ji ta. "Amma yau sai dai ku tsallake ni. Ku ba ni kwana arba'in."

Alhaji Sale ya ce, "Na ba ki. In na gan shi da askakken kai a cikin sahu ranar Juma'a kamar kowa, magana ta mutu. In ban gani ba, kada ki ƙara tare mana hanya."

A ranar ta buɗe akwatin ƙarfen mijinta, ta sami hoton wasu sojoji uku da suna da gari a bayansa, ta ba wani direban babbar mota saƙo.

Ga na biyu, Kofur Bitrus, mutumin wajen Zonkwa. Shi ƙafa ɗaya ya baro a Laberiya, kuma ya yi rantsuwa ba zai sake buɗe baki a kan yaƙin nan ba. Saƙo ya same shi ana tsakiyar girbin citta. Ya bar gonar, ya ɗauki sandarsa, ya yi kwana biyu a hanya. Da ya iso bai ɓoye komai ba, a gaban dangi ya faɗi abin da Haladu ya haɗiye shekara goma sha ɗaya.

Suna sintiri ne a cikin kurmi, a jere ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe a layin wani abokinsu ne, Garba Ɗan Zuru, Haladu yana gabansa. Aka lallaɓo aka kashe Garba ba ko tari. Haladu ya ci gaba da tafiya yana ba shi labarin tuwon gida, yana jin taku a bayansa, bai san takun ba na Garba ba ne sai da wuƙa ta sauka a ƙeyarsa. Bitrus ne ya waiwayo ya harbe mai wuƙar.

Haladu ya ce, "Wurina ne. Ni ya kamata in tsaya a ƙarshe."

Bitrus ya ce, "Ƙarya kake, Saje. Ni na jera ku da safen nan. In akwai mai laifi, ga shi a gabanka da ƙafa ɗaya. Ka ba ni kayana in ɗauka."

Alhaji Sale ya sunkuyar da kai, amma bai janye sharaɗinsa ba, don mai goro yana nan da hannu a ɗaure kuma gari na tsoro. Bitrus ya zauna a gidan. Shi ya kai Haladu birni wurin likitan ƙwaƙwalwar da ya taɓa duba shi Bitrus ɗin kansa, sau huɗu, suna zama a kujerar ƙarshe ta mota. Barci ya fara dawo wa Haladu. Sai dai kwana talatin da tara suka cika, gashi yana nan. Wanzamai uku aka kira, kowa ya tuna da hannun mai goro ya ce yana da uzuri.

Ga na uku, Baba Arzika wanzami, tsoho tukuf, wanda ya yi wa Haladu askin suna yana ɗan kwana bakwai. Ba wanda ya aika masa, don kowa na ganin ya tsufa. Da hantsin Juma'ar ƙarshe sai ga shi da zabira a kafaɗa. Ya zauna a gaban Haladu, ya wasa aska har tana ɗaukar ido, ya jiƙa nasa kan da ruwa da sabulu. Sannan ya miƙa wa Haladu askar, ya juya masa baya.

"Haladu, hannuna ba ya kaiwa ga ƙeyata yanzu. Taimaki tsoho."

Ladidi ta dafe ƙirji. Alhaji Sale ya yunƙura zai hana, Bitrus ya tare shi da sanda. Ku duba fa, mutumin da gari ke gudu, ga aska a hannunsa, ga wuyan tsoho a gabansa. Haladu ya daɗe yana kallon ƙeyar nan. Sai ya fara aski a hankali, hawaye na sauka a kan Baba Arzika, tsohon kuwa yana ta mitar tsadar sabulu kamar ba abin da ke faruwa. Askin bai yi kyau ba, gaskiya, an bar tsibiri-tsibiri. Amma ko ƙwarzane babu.

Da ya gama, ya mayar da askar. Ya ja jiki ya rabu da bango, ya juya wa tsohon baya, ya ce, "Baba, bismilla."

Gashin shekara goma sha ɗaya ya zube a tabarma. A ƙarƙashinsa ga tabon wuƙa daga kunne zuwa wuya, wanda ko Ladidi ba ta taɓa ganinsa sosai ba. Ta rangaɗa guɗar da aka ji har bakin kasuwa.

Ina cikin masallacin ran nan, ba labari aka ba ni ba. Saje Haladu ya shigo da farar riga, kai na sheƙi, ya ratsa mutane har sahun farko. Gari kaf yana bayansa. Na ga gumi na bin tabon, na ga kafaɗunsa na motsi, amma bai waiwaya ba har aka sallame. Wanda ya tsaya daidai ƙeyarsa mai goron nan ne, da hannunsa a rataye. Bitrus yana waje a gindin dalbejiya yana gadin takalma, yana dariya yana share ido. Alhaji Sale da kansa ya sallami motar da ta dawo ɗaukarsa. Haladu bai warke sarai ba, har yau ƙarar fashewar taya tana sa shi zabura, amma yana noma, yana cin kasuwa, kuma shi ya karɓi sadakin 'yarsa a tsakiyar taro.

To, ga inda aka tsaya. A ƙasan akwatin nan akwai lambar yabo guda ɗaya da aka ba shi a yaƙi, wadda bai taɓa maƙalawa ba. Ya fito da ita ya ce ba tasa ba ce, ta wanda ya dawo da shi gida ce. Da Ladidi ba ta tare ƙofa ba, da Bitrus ya tarar da shi a mari. Da Bitrus bai tone ciwonsa ya ɗauki laifin ba, da ba wanda zai yarda a bar aska kusa da Haladu. Da Baba Arzika bai ba da wuyansa ba, da kwana arba'in sun ƙare motar ta tafi da shi. Lambar kuwa ƙarfe ce, ba ta gutsuruwa uku.

Kai mai cewa matar, dakata, ga wani can yana girgiza kai. Ku faɗa mini, a ƙirjin wa Saje Haladu zai maƙala lambar nan?