Tasalla da Baƙon Cikin Taba

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen zomo!

Ta zo mu ji ta, mu ƙoshi!

An yi wata mai daddawa, sunanta Tasalla. Ba a taɓa cin ta a ciniki ba. Ko allura ta saya, sai an yi mata gyara.

Rannan ta sayi kanwa wurin Dila, ta ce, "Gyara fa?"

Dila ya ce, "Uwar gida, sai dai garin taba."

"Ko ƙasa ce, zuba."

Da ta kai gida ta ce abin da ta ci a ciniki ba ya zubewa. Ta ɗiba ta cusa a leɓe.

To, a cikin kan kowa akwai wani makaɗi mai 'yar ganga. Ka ci tuwo mai kyau ya buga, ka sha ruwan randa ya buga. Kiɗan nan shi ne daɗin da kake ji. A cikin taba kuwa akwai ɗan baƙo, malaman asibiti na ce masa Nikotin. Kafin Tasalla ta tofar da yawu ya bi jini ya hau kai, ya ƙwanƙwasa ƙofa: "Makaɗi, buga!" Makaɗi ya buga, dim, dim, irin kiɗan da bai taɓa yi wa tuwo ba.

Ran kasuwa ta koma neman garin taba. Dila ya ce, "Gyara ta ƙare. Yau kaza." Ta ba da kaza, ba ko tayi.

Baƙo ya yi ta zuwa, kai ya yi ta fasa masa ƙofofi, ɗaya ta zama goma. Makaɗi ya sangarce. Tuwo ya zo, shiru. Ruwan randa ya zo, shiru. In baƙo ya makara, ƙofofin nan su yi ta bugawa, kai ya sara.

Ta koma. "Yau turmi." Ta ba da turmi, ba ko tayi.

Ta koma. "Yau akuya." Akuyar nan kuwa ita kaɗai mijinta ya mutu ya bar mata. Ta janyo ta har gaban Dila. Akuya ta dube ta, ta ce, "Haba Tasalla! Ke da kika taya raƙumi kuɗin jaki, yau ko 'rage mini' babu?"

Tasalla ta tsaya cak. Ta naɗe igiya a hannu, ta ce, "Dila, albarka."

"Za ki dawo."

"In na dawo ka aske ni."

Ta shige ɗaki, akuya ta kwanta a bakin ƙofa. Kwana uku tana tauna asuwaki tana zagin kowa, har kajin maƙwabta. Kasuwa ta ci, ba ta je ba. Ta sake ci, ba ta je ba. Ƙofofi suka gaji da jira, suka riƙa rufewa ɗaya ɗaya. Ran kasuwa ta uku ta kai lomar tuwo da miyar kuka baki, sai ta ji dim, dim.

Ta ce, "A'a! Ashe kana nan?"

Makaɗi ya ce, "Ina nan. Baƙo ne ya toshe mini kunne."

Dila kuwa kaya suka yi masa kwantai, ya ce bari ya ɗanɗana ya ji abin da ake yi wa rububi. Har yau in kun ji yana kuka a bayan gari, ƙofofinsa ne ke bugawa.

Baƙon da ya shigo kyauta, ku fara tambayar kuɗin fitarsa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera! Mai ci mini gyaɗa a duhu, na ji ƙarar ɓawo.