Makin Da Illo Ya Ci Ya Dawo Ya Ci Shi

"Mutum ɗaya, wasa ɗaya, ƙungiya biyu? A wace duniya?"

"Kawu, dokar besbol ta yarda. In an dakatar da wasa, wanda ya canja ƙungiya yana iya shiga ranar ƙarasawa."

"Doka ta yarda. Ni fa?"

Akwai wani saurayi ɗan Maraɗi mai suna Illo, shi ke wannan ja-in-ja da kocinsa Malam Abdourahamane, a mota kan hanyar Paris.

Asalin maganar, a watan Afrilu Illo yana bugawa Bobigny, wata ƙungiya a gefen Paris. 'Yan Rillieux-la-Pape, ma'aikata da ɗalibai masu wasan Lahadi, suka zo daga Lyon a gajiye tare da kocinsu Malam. Illo ya maka ƙwallo ta tsallake shinge. Maimakon ya zagaye fili da gudu ya karɓi makinsa, sai ya zagaye shi dafe da ƙugu yana ɗingishi, yana kwaikwayon Malam: "Wayyo bayana, doucement, les enfants," wato a hankali, yara. Fili ya ɗauki dariya. Can ruwa ya kece, alƙali ya ɗage wasan.

Kafin a sa ranar ƙarasawa, wurin aiki ya mayar da Illo Lyon, inda bai san kowa ba. Da kaɗaici ya ishe shi, ya sunkuyar da kai ya je filin Rillieux. Malam ya bar shi yana ɗaukar jakar sandunan buga ƙwallo, amma bai taɓa ba shi rigar ƙungiya ba.

Ranar tafiya ƙarasa wasan, matar wani ɗan wasa ta haihu, suka rage takwas, wasa kuwa sai da tara. Kusa da Paris Malam ya gaji da musu, ya jefa masa riga. Ya ce in an ci ta zama tasa, in an faɗi ya dawo da ita.

Alƙali ya amince, Bobigny ta sa wani a gurbin Illo. Illo ya yi gudu, ya yi birgima, gwiwa ta goge. Duk sanda ya ɗauki sanda, tsofaffin abokansa sai su dafe ƙugu su rera masa "doucement". Malam yana zaune bai ko ɗago kai ba.

Aka tashi Bobigny na gaba da maki ɗaya tak, wannan dai da Illo ya ci musu a Afrilu.

A hanyar komawa, Malam ya miƙo hannu baya, ko waiwaye babu. Illo ya cire riga ya ninke ya ba shi.

"Ka ga aikinka?"

"Kawu, in aka duba da kyau, ai rabina ya yi nasara."

Direba ya ƙara muryar rediyo.

Darasi: Ranar da kake sama, kada ka mai da mutum abin dariya, don ba ka san ƙungiyar da gobe za ta jefa ka ba. Ku tura wa abokin nan naku mai kwaikwayon tafiyar mutane, kun san shi.