Soyen Sallar Gafiya

Ga ta nan, ku matso!

Ta zo mu sha!

Da Sallah, Gafiya ta ci soye har raminta ya matse ta. Maƙwabcinta Kurege kuwa siriri, kowa na yabonsa. Abin ya tsaya mata a rai.

Ta ce, "Maƙwabci, me kake ci?"

Ya ce, "Kwaɗon zogale da tsoka biyu."

Ta rantse sai ya fi ta tumbi. Kullum ta kai masa akushin soye, har tukunyarta ta ƙare. Ta tarar da shi yadda yake.

"Ina naman da na kawo?"

"Yana cikin 'ya'yan Bushiya. Suna ta sa miki albarka."

Gafiya ta juya da yunwa, tana cizon yatsa.

Ƙurunƙus, kan ƙadangare!